Daga Kuzar Riruwai Zuwa Ɗigon Zaiba: Tarihin Awon Ƙarfen Da Ido Ba Ya Gani

Wanda ya baro Kano ya karkata a Kwanar Ɗangora, ya ratsa Tudun Wada ya nufi Jos, dole ya bi ta tsakiyar dajin Falgore. Daji ne mai faɗin hekta wajen 92,000, Kogin Kano ya keta shi daga kudu zuwa arewa har ya zuba a tafkin Tiga. Can kudu da dajin, a ƙasar Doguwa, duwatsun Riruwai ne suka yi da'ira, kuma babu inda ƙasar Kano ta kai nan tudu. Ruwan da ya sauka a wannan yanki shi ne yake gangarawa ya shayar da shanun Fulani, ya jiƙa shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, ya isa matatar ruwa ta Tamburawa. Duwatsun kuwa cike suke da ƙarfe. Don haka tarihin dabarar da ake gane ɗan ƙanƙanin ƙarfe a cikin ruwa ko jini, ko da yake a ƙasashen Turai aka faro shi, ya shafi mutumin Doguwa da Kiru da Bebeji fiye da yadda ya shafi waɗanda suka ƙirƙiro shi.

Masana duwatsu sun tabbatar cewa Riruwai gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu fiye da shekaru miliyan 150 da suka wuce. Bayan wutar ta lafa, ruwan zafi mai ɗauke da narkakkun ma'adinai ya riƙa bin tsagogin dutsen yana daskarewa. Haka aka sami wata jijiya da ta miƙe daga gabas zuwa yamma, tsawonta ya kai kilomita 5, a cikinta akwai kuza, akwai dutsen tutiya, akwai dutsen dalma irin wanda ake niƙawa a yi tozali, da ɗan jan ƙarfe. Damina bayan damina tana zaizayar dutsen, baƙin yashin kuza mai nauyi yana taruwa a gindin rafuka. Nan mutanen farko suka same shi.

Zamanin ido da hannu

Abin da ake faɗa a bakin mutane shi ne, maƙera ne suka fara zama a Kano, wai wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya yada zango a gindin Dala. Wannan labarin kaka da kakanni ne. Abin da bincike ya tabbatar kuwa, an tono burbushin wurin narka tama a Dala wanda aka ƙiyasta shekarunsa zuwa wajen ƙarni na 7. A taƙaice sanin ƙarfe tsohon abu ne a ƙasar nan.

Kuzar Riruwai ma an daɗe ana aikinta kafin zuwan Turawa. Mai wanki yakan ɗebi yashin rafi a ƙwarya, ya riƙa juyawa cikin ruwa, yashi mara nauyi yana malalewa ta baki, har baƙin ya rage a gindi. Sai a kai shi murhun yumɓu, a jera da gawayi, a yi ta zuga. Idan ya narke, akan zuba shi cikin siraran ramuka da aka huda da tsinken ciyawa, ya fito siri-siri, a ɗaure dami-dami, fatake su kai kasuwanni. Da shi ake yin zobe da awarwaro, ana kuma shafe tasoshin tagulla su yi fari. Ana cewa wani ɓangare na maƙeran Riruwai sun yi ƙaura a ƙarni na 19, suka kafa wata Riruwai ɗin a ƙasar Bauchi, wadda ake kira Liruwen Dalma, kuma masu ba da labari suna danganta ƙaurar da hare-haren Ningawa. Hare-haren dai tabbas ne: tun bayan da Malam Hamza ya bar ƙasar Kano ya shiga duwatsun Ningi a shekarun 1840, magadansa sun addabi kudancin Kano, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya shafe shekaru yana kai musu yaƙi. Cewa wannan tashin hankali ne ya watsa ƙauyukan da suka koma dajin Falgore, shi ma zance ne da ake yawan ji, kuma hankali bai ƙi shi ba.

Ma'aunin wancan zamani ido ne da tafin hannu. Gwani yana duban launin yashi, ya jinjina nauyinsa, ya san kuza ce ko ƙarya. Ilimi ne na gaske, bai kamata a raina shi ba. Amma iyakarsa abin da za a iya tarawa a gani. Wanda ya narke cikin ruwan da aka yi wanki da shi, ko ya tashi cikin hayaƙin murhu ya shiga ƙirjin mai zuga, gwanin ba shi da hanyar saninsa.

A shekarun 1880 William Wallace, ma'aikacin kamfanin Turawan Ingila da ke ciniki a Kwara da Binuwai, ya ga irin waɗancan tsinkayen kuza a hannun fatake, ya shiga tambayar inda suke fitowa. Amsar ta jira har Turawa suka ci ƙasa. A 1902 aka aika masu bincike ƙasar Bauchi, a watan Fabrairun 1903 aka ci Kano, a wannan shekarar kuma Henry Laws ya kafa sansani a Tilden Fulani kafin ya hau tudun Jos. Zuwa 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Jos don kwasar kuza. Dokar ma'adinai ta 1916 ta mallaka wa gwamnatin mulkin mallaka duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Murhun gargajiya ya mutu, jikokin maƙera suka zama leburori masu ɗaukar kwano. Turawa sun zo da awon kimiyya, amma tambaya ɗaya suke yi wa dutse: kashi nawa cikin ɗari na kuza ke cikinka? Ba wanda ya tambayi kududdufin da aka bari.

1922: ɗigon zaiba a birnin Firag

A wani ɓangaren duniya kuma wata hanya tana tsirowa. A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya haɗa batir na farko. A 1807 Humphry Davy ya yi amfani da lantarki ya raba wasu ƙarafa daga gishirinsu. A shekarun 1830 almajirinsa Michael Faraday ya kafa ƙa'idar da komai ya doru a kai daga baya: yawan ƙarfen da zai manne a jikin waya daga cikin ruwa daidai yake da yawan lantarkin da ya ratsa. Ma'ana, idan ka iya ƙidaya lantarkin, ka ƙidaya ƙarfen ke nan, ko da sikeli ba zai iya ɗaukarsa ba.

Sai da aka kusan shekara casa'in kafin a sami wanda ya mai da wannan ƙa'ida ma'auni mai sauƙi. Shi ne Jaroslav Heyrovský, malami a Jami'ar Charles da ke Firag, a ƙasar da ake kira Cekoslobakiya a lokacin. Yana nazarin zaiba, wato ƙarfen nan mai ruwa-ruwa, tana ɗiga daga bakin wani siririn bututun gilashi zuwa cikin ruwan gwaji, ɗigo ɗaya duk bayan 'yan daƙiƙu. A watan Fabrairun 1922 ya jona ma'aunin lantarki mai tsananin ji, ya riƙa ƙara ƙarfin wutar kaɗan-kaɗan yana rubuta abin da ya ratsa. Sai ya lura lantarkin ba ya hawa a miƙe. Yakan kwanta, ya yi tsalle a wani mataki, ya sake kwanciya. Matakin da tsallen ya faru yana nuna wane ƙarfe ne ke cikin ruwan, tsayin tsallen kuma yana nuna yawansa. Hikimar ɗigon ita ce, kowane sabon ɗigo fuska ce sabuwa fil, ba datti, ba tabon awon baya. A 1924 shi da wani matashi ɗan Jafan, Masuzo Shikata, suka ƙera na'urar da ke zana wannan layi da kanta a kan takardar hoto. Hanyar ta sami suna folarogirafi, kuma a 1959 aka ba Heyrovský lambar Nobel saboda ita.

Sai dai tana da iyaka. Duk lokacin da ɗigo ke girma, yana shan wani lantarki na kansa wanda ba ruwansa da ƙarfen da ake nema, kuma idan ƙarfen ya yi ƙaranci ƙwarai wannan hayaniya takan rufe muryarsa. Aikin shekaru hamsin da suka biyo baya, kusan duka ƙoƙarin kashe wannan hayaniya ne. A shekarun 1950 Geoffrey Barker, a cibiyar binciken nukiliya ta Harwell a Ingila, ya fito da dabarar aika wutar guntu-guntu, a dakata ƙiftawar ido hayaniyar ta mutu, sannan a auna.

Dabarar da ta fi kowacce tasiri kuwa ita ce ta tarawa sannan a saki. Tun 1931 wani mai bincike, Zbinden, ya gwada ta a kan jan ƙarfe, amma ba ta kankama ba sai da Wiktor Kemula da Zenon Kublik na Warso a ƙasar Folan suka gyara na'urar da ke rataye ɗigon zaiba ɗaya ya tsaya cak, a ƙarshen shekarun 1950. Ga yadda take. Ana tsoma ɗigon, ko wani tsinken lantarki, cikin ruwan da ake tuhuma, a saka masa wutar da ke jawo ƙarfe, a yi ta motsa ruwan na minti biyu ko biyar. Narkakken ƙarfen da ya warwatsu cikin kofi guda sai ya taru a wuri ɗan mitsitsi, kamar yadda mai wankin kuza yake juya ƙwarya har abin da ya ɓace cikin tulin yashi ya haɗu a gindi. Daga nan sai a juya wutar sannu a hankali. Kowane ƙarfe yana da matakin da yake sakin tsinken ya koma ruwa: tutiya ce ke fara fita, sai kadmiyam, sai dalma, sai jan ƙarfe. Duk wanda ya fita, allura takan yi tsini. Da wannan tarawa aka ninka jin na'urar sau ɗari, wani lokaci sau dubu, har aka iya gano maikirogiram ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin lita guda ta ruwa, har ma ƙasa da haka. A 1970 T. M. Florence na Ostireliya ya nuna ba sai ɗigo ba: siririn shafen zaiba a kan gogaggen gawayi mai santsi ya fi ji, kuma ya fi sauƙin ɗauka.

1942 zuwa 1985: rami da madatsa

A wannan tsakani ƙasarmu haƙa take yi. Da Jafan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar kuzarta, sai ta juyo kan Arewa. Aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa zuwa filayen kuza da ƙarfin tsiya har 1944, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. A shekarun 1950 kasuwar kwalambait, ma'adinin da ake samu tare da kuza, ta buɗe, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, aka koma ana sake tone tsofaffin juji. A 1972 aka kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya, kuma a shekarun 1970 aka nutsa rami mai zurfi a jijiyar Riruwai da niyyar fitar da kuza da tutiya daga ƙarƙashin ƙasa. Aikin bai yi tsawon rai ba. A watan Oktoban 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya, manyan kamfanoni suka naɗe tabarma, aka bar ramuka da tulin ɓaraguzai ga masu haƙar hannu.

A daidai wannan zamani ne aka ɗaure ruwan kudancin Kano da cikin miliyoyin mutane. Dajin Falgore, wanda aka keɓe a ƙarshen shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, an ɗaga shi ya zama gandun namun daji a shekarun 1960. Gwamna Audu Baƙo ya gina Bagauda, sannan Tiga, wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga ita aka ja magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. A cikin birni kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yawaita, ciki har da majemun zamani masu aiki da gishirin kuromiyam. Ruwa ɗaya ke nan mai fuskantar ƙarfe ta sama, daga duwatsu, da kuma ta ƙasa, daga masana'antu.

Dutsen kuza shi kansa ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi, ba shi ne abin tsoro ba. Abokan zamansa ne matsala. Dutsen dalma da na tutiya haɗe suke da farar wuta, kuma idan aka farfasa su aka bar su a fili, iska da ruwan sama sukan ci su a hankali, ruwan ya yi tsami, ƙarfen ya narke ya bi rafi. Dutsen tutiya kuma kusan ko'ina a duniya yana ɗauke da kadmiyam, wanda ke taruwa a ƙoda, kuma shinkafa tana zuƙarsa daga ƙasa fiye da yawancin hatsi. Wannan ba hukunci ba ne a kan ruwan Tiga. Tafki mai girma haka yana tsarma abu da yawa, laka kuma tana riƙe da yawa. Dalili ne dai na a riƙa aunawa, musamman rijiyoyi da kududdufan da ke dab da ramuka, inda babu tsarmawa.

Ma'auni yana sauka, zaiba tana fita

Abin da ya tilasta wa masana su ci gaba da wasa na'urorinsu shi ne likitoci sun yi ta gano cewa abin da aka ɗauka kaɗan ne, ba kaɗan ba ne. A Amurka, a shekarun 1960, sai dalmar jinin yaro ta kai maikirogiram 60 a kashi ɗaya cikin goma na lita ake cewa akwai matsala. A 1975 aka sauke zuwa 30, a 1985 zuwa 25, a 1991 zuwa 10, a 2012 zuwa 5, a 2021 zuwa 3.5. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da zazzaɓi ko ƙurji ba, sai dai a ga yaro ba ya gane karatu, a ce dakiki ne. A ruwan sha, hukumar ta sauke iyakar dalma daga maikirogiram 50 a lita zuwa 10 a 1993, kadmiyam kuwa 3 ne.

Akwai wata hanyar awo da ta yi gogayya da ta lantarki, wadda Alan Walsh ya fito da ita a Ostireliya a 1955: a fesa ruwan cikin harshen wuta, a haska fitila, a auna hasken da ƙarfen ya shanye. Ita ce aka fi sani a jami'o'inmu, kuma yawancin binciken da ake yi kan ruwan Challawa da Jakara da kayan lambun da ake nomawa da su, da ita ake yi. Na'ura ce mai kyau, amma tana son tukunyar gas, da fitila ta musamman ga kowane ƙarfe, da wutar da ba ta yankewa, kuma nau'inta mai harshen wuta da ƙyar yake jin dalma a matakin da dokar ruwan sha ta gindaya. Ba ta zuwa ƙauye, sai dai ƙauye ya zo mata a cikin kwalba. Ta lantarki kuwa batirin tocila ya ishe ta.

Cikas ɗinta shi ne zaibar kanta guba ce. Tun 1956 aka ga abin da ta yi wa masunta a Minamata ta Jafan, bayan wata masana'anta ta shekara da shekaru tana zubar da ita a teku. Ba daidai ba ne a je neman guba da wata gubar a aljihu, a gama a zubar a bakin rafi. Ƙasashe suka yi ta tsaurara doka, har aka kai ga yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ma ta sa wa hannu. Masana suka bazama neman madadi. A farkon shekarun 1990 aka fara buga tsinkayen awo a kan ɗan falle na roba da tawadar gawayi, irin yadda ake buga rubutu a jikin riga, a yi awo ɗaya a yar. A shekarar 2000 Joseph Wang da abokan aikinsa, a wata jami'a a jihar New Mexico ta Amurka, suka nuna cewa shafen bismat, ƙarfen da gubarsa ba ta taka kara ta karya ba har ana sa shi a maganin ciki, yana kama dalma da kadmiyam kusan kamar zaiba. Ga arsanik kuwa, zinariya aka samu ta fi dacewa. A 1997 aka fara sayar da wata 'yar na'ura mai suna LeadCare, a 2006 aka fito da ta biyu wadda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya sarrafawa: a tsaga ɗan yatsa, a ɗebi jini ɗigo biyu, a gauraya da ruwan asid mai rauni don ya saki dalmar, a ɗiga a kan falle, bayan minti 3 lamba ta fito. Abin da ke faruwa a cikin fallen, tarawa da sakin nan ne na su Kemula.

2010: Zamfara

A nan tarihin nan biyu suka haɗu, kuma a kan gawarwakin yara suka haɗu. Bayan 2008 farashin zinariya ya tashi. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane suka koma haƙa, suna kawo duwatsu cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba su san jijiyar da suka faɗa wa cike take da dalma ba. Mutanen ƙauyukan sun ba da labarin cewa agwagi ne suka fara mutuwa. Sai yara: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma. Aka zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magani bai yi ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka aika jini Turai, sakamako ya dawo: gubar dalma. Yaran da suka rasu sun kai 400 ko fiye. Binciken da aka yi gida-gida a Dareta da 'Yargalma ya nuna kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu cikin shekara guda.

Ba zai yiwu a riƙa aika jinin dubban yara ƙasar waje ana jiran makonni ba, alhali likita yana bukatar ya san yau wa za a fara ba maganin da ke tsamo dalma daga jiki. 'Yar na'urar nan ta LeadCare ce aka shiga da ita ƙauyuka. Kuma nan take ta nuna iyakarta. An ƙera ta ne don yaran Amurka masu lasar tsohon fenti, ma'auninta ya tsaya a 65. Mafi yawan yaran da aka fara gwadawa a waɗancan ƙauyuka biyu sun zarce haka, na'urar sai ta rubuta cewa ya yi yawa, ta yi shiru. Yaro mai 70 da mai 300 duk amsa ɗaya, alhali ɗaya yana bakin mutuwa. Sai masu aikin suka fito da dabara a fagen fama: a tsarma jinin mara lafiya da jinin da aka tabbatar ba shi da dalma sosai, bisa ƙididdigaggen kaso, a auna, a ninka. An gwada dabarar da manyan na'urori, aka ga tana aiki. A ganina wannan gyara da aka yi cikin zafin Zamfara ya cancanci a ambace shi tare da na Harwell da na Warso, domin shi ma inganta hanyar awo ne, kuma rayuka ya ceta kai tsaye.

An kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira kuɗin gwamnati har 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Abin da ke ci mini rai shi ne, a wuraren biyu, sai da aka haƙa kaburbura sannan aka kawo ma'auni. Ilimin yana nan tun kafin a haifi iyayen yaran.

Daga 2017 zuwa yau

Ita ma na'urar ba ta tsira daga tuhuma ba. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa tana iya ba da lamba ƙasa da gaskiya idan jinin jijiya aka sa mata, a 2021 kuma aka janye wasu rukunin fallayenta daga kasuwa saboda irin wannan matsala. Ma'aunin da ke rage lamba ya fi rashin ma'auni haɗari, don yana sa uwa ta koma gida da kwanciyar hankali. Shi ya sa duk awon da aka yi a ƙauye yake bukatar a riƙa ɗaukar wani kaso ana tabbatarwa a babban ɗakin gwaji.

Akwatin da ke sarrafa wutar awon lantarki, wanda a da sai jami'a mai hali, ya yi araha. Tun 2011 wasu masu bincike a Kalifoniya suka wallafa tsarin wanda za a haɗa da ƙasa da dala 100, yanzu kuma akwai masu jonuwa da wayar hannu. Wahalar ta koma kan ruwan da za a auna, kuma ruwan kudancin Kano yana da nasa halin da ba a yi lissafinsa a ɗakunan gwajin Turai ba. Na farko, a cikin ruwan asid kuza da dalma kusan mataki ɗaya suke sakin tsinke, tsininsu ya hau kan juna, mai awo ya ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya. A yawancin wurare wannan ba ya tasowa, amma a ƙasar kuza dole a sauya ruwan gwajin ko a ɗaure kuzar da wani sinadari kafin a yarda da lambar. Na biyu, inda tutiya da jan ƙarfe suka taru a tsinke ɗaya sukan haɗe su zama wani abu daban, tutiyar ta ɓuya, kuma maganin da aka sani shi ne a ƙara ɗan galiyam ya janye jan ƙarfen. Na uku, ruwan da ya ratso daji irin Falgore da damina yana ɗauke da jar laka da ruɓaɓɓen ganye, waɗanda ke naɗe ƙarfen su kuma toshe fuskar tsinken, sai an dafa samfurin da asid ko an gasa shi da haske mai ƙarfi kafin ya faɗi gaskiya. Ga zafin bazara da ke lalata fallaye a ajiye, ga ƙurar hunturu da ke iya faɗawa cikin kofin da ake neman kashi ɗaya cikin biliyan. Kuromiyam na majemun Challawa kuwa ba ya bin wannan hanya kai tsaye, sai an haɗa shi da wani sinadari da zai manna shi a fuskar tsinken.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin sassan kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ko Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 2004 take da ƙaramin injin nukiliya na bincike a Zariya da za a iya tabbatar da sakamakon ƙasa da laka da shi. Abin da ya rage shi ne a daidaita hanyar da ruwanmu, a ɗebi samfur daga rijiyoyin Riruwai, da rafukan da ke shiga dajin, da bakin Tiga, da magudanan Kadawa, rani da damina, shekara bayan shekara, a ajiye lambobin inda hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da ma'aikacin asibitin Doguwa ko Tudun Wada za su iya gani. Haƙa ta sake farfaɗowa a duwatsun kudancin Kano, ana fasa dutse, ana wanki, kuma yara suna cikin masu ɗaukar kwano.